Babi Ɗaya Kafin Barci

Zuwa ga Maigidana, Na Sama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Inna tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko, har jiya na tarar da ita a kan kujera tana share yanar gizo. Na ce ta sauko, ta ce ba ni na haife ta ba. Famfon tsakar gida yana nan yana ɗigarsa, na ɗaure masa baki da tsumma. Kyanwar nan kuma ta haihu a cikin kwandon wankinka, don haka idan ka dawo ka nemi wani.

Ka tambaye ni dalilin da zan wahalar da kai da takarda alhali ga waya. Maigida, waya iska ce. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da wadda ta ɓoye kiran waya a ƙarƙashin matashinta ba. Saboda haka dokarmu tana nan daram: labarin duniya a takarda, waya kuwa ta karatu ce zalla. Da na gama wanke kwanuka Inna ta shige ɗaki, in kira ka, in karanta maka babi ɗaya, kai kuma ka yi shiru kana ji. Ba zancen famfo, ba zancen aiki.

Na san agogonmu ba ɗaya ba ne, kun riga mu nitsawa cikin dare sosai. Amma da na tambaye ka, kai ka ce dama ba ka da yawan barci. Ni dai nakan ɗan kishingiɗa bayan azahar don kada muryata ta yi nauyi.

Ka ba ni labarin inda kake wuni, ina so in riƙa ganinka idan na rufe ido. Ka gaishe min da Kawu. Duk da dai ɗan baffan mahaifiyata ne ba cikinsu ɗaya ba, wanda ya samo maka aiki ai ya zama uba.

Taka har kullum,
Mai Littafi

*

Zuwa ga Mai Littafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin labarin gwiwar Inna. Ki ce mata ta bar gizo-gizo ya zauna, shi ma haya yake. Ni lafiyata lau, in ban da mura da ta maƙale min ta ƙi tafiya.

Kin ce in kwatanta miki wurin aiki. Gini ne mai hawa da yawa, ni kuma ina saman injin ɗaga kaya, wanda ya fi ginin tsawo. Da sassafe nake kama tsanin ƙarfe in yi ta hawa har in kai wani ɗan ɗaki na gilashi, bai fi akurkin kaji ba. Kujera ɗaya ce, da sanduna biyu da nake sarrafawa, hagu da dama. Daga nan motoci kamar akwatunan ashana suke. Kawu kuwa, duk girman tumbinsa, sai dai in gane shi da hular kwanonsa mai ruwan ƙwai.

Shi ne idona a ƙasa. Yana tsayawa kusa da ƙugiya, a ɗaura rodi ko buhunan siminti, ya yi min alama da hannu, ko ya yi magana ta rediyon hannu, wato oba-oba. Idan ya ɗaga tafin hannunsa na dama, ko me nake yi tsayawa zan yi cak. Wannan ita ce doka ta farko da ya koya min.

Karatun nan naki kuwa ya zame min wani abu. Idan kin kashe waya barci ba ya zuwa da wuri, sai in yi ta juyi ina tunanin yadda baiwar Allahn nan ta cikin littafin za ta tsira daga hannun mai gidan hayarta. Kafin in ankara ƙararrawa ta buga. Shekaranjiya gishiri na zuba a shayi. Jiya kuma ina tsaka da ɗaga kaya na ji muryarki a kunnena tana karatu, har na ga kamar fuskarki a jikin gilashi. Ko tsanin ma yanzu sai na huta a hanya. Akwai wani mai gyaran wuta siriri kamar tsinken tsintsiya, da kullum ni nake kwantar da hannunsa idan muna gwada ƙarfi lokacin cin abinci, yau shi ya kwantar da nawa. Abokan aiki sun ce aure ya cinye ni.

Amma kada ki damu. Akwai lemon gwangwani da ake sayarwa a bakin ƙofa mai buɗe ido, shi nake sha.

Mijinki

*

Zuwa ga Na Sama, sanyin idona,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Inna ta ce ka sha ruwan zafi da lemon tsami saboda murar.

Maigida, na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Ka san abin da ka rubuto kuwa? Gishiri a shayi! Fuskata a jikin gilashi! Wallahi sai da na tashi na zaga tsakar gida ina riƙe da ƙirjina, har Inna ta leƙo ta ce ko kunama ce.

Duk alamomin nan na san su. Babu littafin da na buɗe ban same su ba: rashin barci, mantuwa, sanyin jiki, ganin masoyiya inda ba ta. Da can ina karantawa ina cewa marubuta ne kawai suke ƙara gishiri, ashe akwai mazan da ake yi wa haka da gaske, ashe har da nawa. Lokacin da kake gida ka cika shiru, sai in yi ta tunanin ko dai ni kaɗai nake haukata. Yanzu hankalina ya kwanta.

Na nuna wa ƙawata matar mai shago wurin da ka ce tsani yana yi maka nauyi. Ta taɓe baki ta ce nata mijin ko ƙasa za ta tsage minsharinsa yake yi. Na tausaya mata.

Wancan littafin ya kusa ƙarewa, amma na aro wani mai kauri, babinsa dogaye. Za ka so shi. A cikinsa akwai wani dattijo mai fuska biyu da yake shiga tsakanin masoya da sunan nasiha.

Taka,
Mai Littafi

*

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida surukarki. Ina fatan kowa lafiya. Ni ma lafiya, sai dai bayan nan nawa na tsufa.

Da zan iya kiranki a waya, amma an ce ke abin da aka rubuta ne kawai yake shiga kanki, shi ya sa na sayi biro.

Ɗiyata, mijinki ba ya barci. Ɗakinmu ɗaya, labule ne kawai tsakaninmu, ina jin muryarki tana fita daga wayarsa a lokacin da ko karnuka sun gaji sun yi shiru. Kina da murya mai daɗi, Allah ya ƙara. Amma yaron nan kafin rana ta fito yake hawa sama.

Na san shi da hannu mai natsuwa, yana iya sauke tarin rodi a kan faranti bai fasa ba. Yanzu kaya suna lilo a sama kamar shillo. Ina yi masa alama, sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa. Jinkirin bai fi ƙiftawar ido ba, amma a aikinmu ƙiftawar ido ita ce tsakanin mutum da likkafaninsa. Ya rame, idonsa ya yi ja, abu kaɗan ya hasala. Likitan da yake zuwa duba ma'aikata ya taɓa tara mu ya ce wanda ya daɗe ba ya samun isasshen barci, hannunsa da idonsa ba su da maraba da na mashayi, kuma shi ne na ƙarshe da zai gane haka. Ya ce a cikin barci jiki yake ɗinke abin da aiki ya yaga, kuma lemon gwangwani ido kawai yake buɗewa, ba ya tashin ƙwaƙwalwa.

Na yi masa magana, ya ce ba zai iya ɓata miki rai ba, wai ke kaɗai ce a gida, wannan karatun shi ne abin da kike jira tun safe. Idan na kai ƙararsa wurin shugaban aiki za a sauke shi, ni kuma na kawo shi. Shi ya sa na biyo ta wurinki. Ki mayar da karatun nan ranar hutunsa.

Ki tuna abu ɗaya. Ni nake tsayawa a ƙarƙashin abin da mijinki yake ɗagawa.

Kawunki

*

Zuwa ga Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ni zuciyata ba lafiya ba.

Kawu ya rubuto min. Ban san yana kasa kunne ta bayan labule ba. Wai in daina yi maka karatu, wai kai mashayi ne, har da zancen likkafani don ya tsorata ni. Ka ga ikon Allah, ba mu daɗe da wuce wurin nan a littafi ba, inda dattijon ya je wa yarinyar da fuskar tausayi yana cewa don lafiyar saurayinta ta rabu da shi. Ka tuna abin da ya biyo baya da ta saurare shi? Shekara da shekaru tana kuka.

Ba na zagin Kawu, babba ne, kuma ya yi mana rana. Amma mutumin da matarsa take kiransa sau ɗaya a wata don ta ce buhun abinci ya ƙare, me ya sani game da irin namu? Tsofaffi suna ganin duk abin da ba su ɗanɗana ba cuta ne.

Na ba shi amsa cikin ladabi, layi biyu, na ce na gode da nasiha. Kai kuma ka sayi abin sawa a kunne. Idan da kana shan wahala ai da kai za ka gaya min da bakinka, ko ba haka ba?

Taka, ko duniya za ta taru,
Mai Littafi

*

Mai Littafi,

Ina gaisuwa. Ki gaida Inna. Lafiya lau nake, kaina ne kawai yake ɗan sarawa.

Kada ki ga laifin Kawu. Mutumin kirki ne.

Yau wani abu ya faru, ba babba ba. Na ɗauko kaya daga bakin ƙofa zan kai hawa na sama, sai kawai na gan su sun riga sun isa. Ban tuna tafiyar ba. Kamar an yanke wani yanki an jefar. Ba abin da ya lalace.

Ina tunanin ko za mu ɗan ajiye karatun zuwa ranar hutu, kamar yadda ya ce. Ba don na gaji da ke ba. Amma idan ba ki so, shi ke nan, a bar shi yadda yake.

Ki gaida Inna. Kawu mutumin kirki ne, kada ki ga laifinsa.

Mijinki

*

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Wannan ce takarda ta biyu da nake rubutawa, ta farkon na yaga ta. A cikinta na ce maka na gane Kawu ya ci nasara, tunda har takardarka ta koma 'yar guntuwa, ba kalmar soyayya ko ɗaya, sai yabon Kawu har sau biyu. Na ce duk wanda ya rubuta "ba don na gaji da ke ba" to ya gaji ne. Kai ma shaida ne ban ce maka uffan a waya ba. Na dai ƙara babi ɗaya a kan na kullum don in ga ko za ka yi ƙorafi, ba ka yi ba. Ka saurara har ƙarshe, har ka ce min labarin ya yi daɗi.

To yau kwanaki ke nan ina kira wayarka a kashe. Ta Kawu ma a kashe.

Da farko fushi na yi. Na ce yaji ne irin na maza. Na ƙi cin abinci, na ƙi kwanciyar rana, dare kuma ina zaune riƙe da waya. Jiya da safe ina tace shayi sai na tsiyaya ruwan zafi a kan hannuna, ina kallo, ban janye ba sai da Inna ta daka min tsawa. Maƙwabciyarmu Nas ita ta ɗaure min. Tana ɗaurewa tana tambayata yaushe rabona da barci. Da na gaya mata sai ta ce, "Ai kin yi arziki ma. A asibiti idan aka jera mana aikin dare, akwai wadda take yin barci a tsaye idonta biyu, allura a hannunta, kuma ta rantse miki ba ta runtsa ba."

Sai na ɗauko takardarka ta ƙarshe na ba ta, don ta gaya min ko wannan rubutun mai shirin guduwa ne. Ta karanta. Ba ta ce komai a kan soyayya ba. Ta sa yatsa a wurin da ka ce ba ka tuna tafiyar kayan ba, ta ce, "Wane irin aiki kika ce mijinki yana yi?"

Maigida, ni 'yan kwanaki kawai na yi ban yi barci ba na ƙona hannuna da butar shayi. Kai tun yaushe?

Don Allah idan wannan ta same ka kada ka hau. Ka ce ba ka da lafiya. Ka ce komai. Ka kunna waya ko sau ɗaya, ba zan karanta komai ba, numfashinka kawai nake so in ji.

Matarka

*

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, ba nawa ba ne. Wani bawan Allah da gadonsa yake kusa da nawa a asibiti shi yake rubutawa ina faɗa masa. Ki gaida surukarki.

Na san zuwa yanzu an kira ku an ce ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, mun gode Allah. Ga abin da ba a gaya muku ba, gara ki ji daga bakina.

Da hantsi ne, rana tas, ba iska. Mun ɗaura rodi, ya ɗaga, ya juyo da shi zai sauke kusa da inda masu ɗaurin ƙarfe suke aiki. Kaya suka taho daidai, suka sauko daidai. Da suka kai inda ya kamata su tsaya na ɗaga hannu. Ba su tsaya ba. Na yi ihu a oba-oba. Na ɗaga kai ina hango shi ta gilashi, yana zaune a miƙe, fuskarsa tana kallona, hannunsa a kan sanda. Yana kallona, ɗiyata, amma ba ya nan.

Akwai mutum biyu a durƙushe sun ba kayan baya. Na ture ɗaya, ɗayan ya yi tsalle da kansa. Ni ban gama janye hannuna ba.

Likitoci sun yi ƙoƙari. Sun bar min babban yatsa da manuni. Mai rubutun nan ya ce in gode Allah, sun isa ɗaukar kofin shayi da nuna wanda ya ɓata min rai.

Mijinki da ƙyar aka sauko da shi daga tsani. An sauke shi daga injin, an ba shi tsintsiya a ƙasa kafin a gama bincike. Ya kashe waya don kunya. Da aka kai shi ɗaki ya kwanta, sai da ya kwana ya wuni ya sake kwana, har abokan aiki suna zuwa suna kara hannu a hancinsa. Yanzu kullum yana nan bakin gadona, sai ya yi ta gyara min matashi har na gaji. Takardarki ta iso bayan komai ya wuce. Ya karanta min ita.

Ba na riƙe ki a zuciya. Ni ma na ga alama, da na kai shi gaban shugaban aiki tun farko da yanzu ina da hannu, shi kuma yana fushi da ni kawai. Kowa ya tausaya wa wani, sai ƙarfe ne bai tausaya wa kowa ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ya sa na rubuto. Jikinsa ya saba. Duk dare idan lokacin karatunku ya yi sai ya farka, ya zauna ya ɗauki waya yana kallo. Ya ce min zai kunna ta, wai kada ki zauna ke kaɗai. Likita ya ce hannunsa zai dawo, ƙarfinsa zai dawo, in dai zai riƙa barci yadda ya kamata. Idan bai yi ba, ko sun mayar da shi sama, wani ne zai tsaya a inda na tsaya, kuma wannan ba kawun kowa ba ne a cikinku. Ni ba ya jin maganata a kan wannan. Taki yake ji.

Kawunki

*

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Hannuna ya warke, sai ɗan tabo. Inna ta ce a gaya maka tsintsiya ba abin kunya ba ce, ita ma da ita ta raine ka. Na rubuta wa Kawu tasa daban, ka karanta masa a hankali, ka kuma sayo masa kofi mai babban mariƙi.

Ga sabuwar doka, kuma ta fi ta farko ƙarfi. Da an idar da magariba nake miƙa wa Inna wayata, ta jefa a akwatinta ta kulle, mabuɗin yana ɗaure a bakin zaninta. Ka san Inna. Ko ka kira ba wanda zai ɗauka. Idan ka farka a lokacin nan, kada ka laluba waya, kada ka kunna fitila. Ka juya ka fuskanci bango. Ni ma a nan kwance nake, ko ban yi barci ba na rufe ido, don haka ba wanda kake bari shi kaɗai.

Littafin nan saura babi ɗaya. Ban leƙa ba, ban san ko sun haɗu ba. Na sa shi a ƙasan kwandon wankinka, kyanwa da 'ya'yanta suna kwance a kai. Zai jira ranar da ka dawo, in karanta maka da rana tsaka, a tsakar gida, ƙafarka a ƙasa.

A takardarka ta gaba ba na son jin ka ga fuskata a ko'ina. Ka rubuto min ka ce ka kwanta, ba ka yi mafarkin kowa ba, sai ƙararrawa ka ji.

Matarka